Yadda Ake Bibiyar Tsuntsayen Gaɓar Teku da Kare Su

Wahalar aiki da tsuntsayen gaɓar teku ita ce ba sa zama wuri ɗaya. Garken da ya rufe filin laka da hantsi yakan watse kafin azahar, wanda aka ƙirga a watan Janairu kuma wataƙila yana wata nahiyar kafin Yuni. Saboda haka adadin da mutum ya samo a fita guda ba ya nuna ko tsuntsayen suna ƙaruwa ko suna raguwa. Abin da ke nuna hakan shi ne ƙirgen da aka maimaita a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da hanya ɗaya, shekara bayan shekara, sannan aka bi sawun adadin har aka kai ga dalilinsa. Matakan da ke biye duk a kan wannan suka doru.

Mataki na farko: a tsayar da tambaya, a san tsuntsun

Kafin a sayi kayan aiki, a rubuta abin da ake son sani a jimla guda. Wanda yake son ya san yawan tsuntsayen da ke cin hunturu a bakin wani kogi, ƙirgen watan Janairu ya ishe shi. Wanda yake son ya san ko wani tsibiri yana fitar da 'yan tsaki, dole ya zauna da sheƙa tun daga ƙwai har fiffike. Wanda kuma ke aiki a zangon da masu ƙaura ke yada wa na 'yan makonni, yana bukatar ƙirge a kai a kai, domin tsuntsayen da ya gani yau ba lallai ne su zama na makon jiya ba, kuma jimillar waɗanda suka ratsa wurin takan ninka mafi yawan abin da aka taɓa gani a rana ɗaya.

Daga nan sai sanin jinsuna. Manyan kamar zalɓe da kwasakwasa ba su da wuyar ganewa. Masu ba da wahala su ne ƙananan masu tonon laka, waɗanda a lokacin hunturu kusan dukansu ruwan toka ne a baya, fari a ciki. Ana bambanta su ta tsawon baki da lanƙwasarsa, da tsawon ƙafa, da yadda suke neman abinci, da zanen fiffike idan sun tashi, da kuka. Sabon mai ƙirge ya bi ƙwararre na tsawon kaka guda kafin a danƙa masa yanki nasa. A kuma riƙa rubuta sunan kimiyya tare da kowane suna na gida, domin suna ɗaya kan rufe jinsuna uku ko huɗu.

Ya kamata a san hanyar ƙaurar da wurin yake kai. Misali, hanyar gabashin Tekun Atlantika tana haɗa wuraren ƙyanƙyasa na Saberiya da Girinlan da arewacin Kanada da tekun Wadden, wanda Holan da Jamus da Denmak suka yi tarayya a kansa, sannan ta gangaro Banc d'Arguin a Moritaniya da tsibiran Bijagos a Gini Bisau har zuwa kudancin Afirka. Wanda bai san inda tsuntsayensa suka fito da inda za su ba, zai riƙa neman dalilin raguwarsu a gabansa alhali matsalar tana can nesa da dubban kilomita.

Mataki na biyu: shata iyaka

A zana iyakar wurin a taswira, a raba shi yanki-yanki gwargwadon abin da mutum ɗaya ko biyu za su iya gamawa cikin awa biyu zuwa uku. A yi iyakokin da abubuwan da ba sa gushewa, kamar bakin rafi ko dutse ko gada, a ɗauki lambobinsu da na'urar GPS, a kuma ajiye hoton wurin tsayawa. Idan an shata, kada a sake. In dole ta sa aka ƙara fili, sai a ba shi suna da lamba tasa daban, don kada ƙarin fili ya bayyana a lissafi kamar ƙarin tsuntsaye. Wannan kuskure ne da ya lalata tarin bayanai masu yawa, kuma ba a gane shi sai bayan shekaru, lokacin da wanda ya san labarin ya bar aikin.

Mataki na uku: aiki da cikar teku

A mafi yawan gaɓoɓi teku na cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin cikar ke jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Idan ruwa ya janye, tsuntsaye sukan bazu cikin laka mai faɗin da ido ba ya iya kaiwa ƙarshensa. Idan ya dawo, sai ya koro su zuwa 'yan tuddai da tsibiran yashi inda suke cunkushewa su huta. A nan ake ƙirga su, daga awa biyu kafin cikar ruwa zuwa awa biyu bayanta.

Cikar ma ba ɗaya ba ce. Kusa da tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu ruwa yakan hau sosai ya shafe dukan lakar, tsuntsaye su rasa mafaka sai wuraren hutun da aka sani. A tsakanin waɗannan lokuta cikar takan yi rauni, ta bar gefen laka a buɗe, wasu tsuntsayen su ci gaba da kiwo a inda ba a ganinsu. Don haka ana zaɓar ranar ƙirge daga jadawalin cikar teku tun watanni kafin lokacin, a nemi babbar cika da ta faɗo da rana tsaka ko da hantsi. Amma akwai inda wannan ƙa'ida ba ta aiki. A gaɓar da itatuwan ruwan gishiri suka rufe, tsuntsaye kan shige cikin rassa idan ruwa ya cika, ba mai iya ganinsu, sai dai a ƙirga su a laka lokacin da ruwa ke janyewa, a zaɓaɓɓun filaye da aka auna faɗinsu, sannan a yi ƙiyasi. Kowace aka ɗauka daga cikin hanyoyin biyu, a rubuta ta, a tsaya a kanta.

Idan sau ɗaya kawai za a iya fita a shekara, to a fita a tsakiyar Janairu. A lokacin ne ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, ƙungiyar Wetlands International ke jagorantarta. An zaɓi wannan lokaci ne domin yawancin masu ƙaura daga arewa sun natsu a wuraren hunturunsu, haɗarin ƙirga tsuntsu ɗaya a ƙasashe biyu ya ragu.

Mataki na huɗu: ranar ƙirge

Kayan aikin ba su da yawa: madubin hangen nesa na hannu, babban madubi mai ƙafa uku, 'yar na'urar ƙirge da ake dannawa da yatsa, littafi da fensir, agogo, da waya ko rediyon da zai haɗa masu ƙirge. A isa wurin tsayawa kafin tsuntsaye su iso, a bar rana a bayan ƙeya, a guji tsayawa a kan tudu inda za a fito fili a sararin sama. Garken da aka tayar ya ɓata ƙirgen yankuna biyu, wanda ya bari da wanda ya faɗa.

Da isa, a fara yin ƙiyasin garken gaba ɗaya cikin sauri a rubuta, saboda shaho ko kwalekwale na iya tayar da shi kafin a gama. Sannan a koma a bi shi jinsi-jinsi. Ƙaramin garke ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Babba kuwa, sai a ƙirga goma ko hamsin ko ɗari da kyau a gefe guda, a riƙe girman wannan dunƙule a ido, a riƙa aza shi a kan sauran garken har ƙarshe. A nan ne ake yawan kuskure, domin tsakiyar garke ta fi gefensa cunkoso, na gaba suna kare na baya, ƙananan jinsuna kuma suna ɓuya a tsakanin ƙafafun manya. Sanannen abu ne cewa masu ƙirge sun fi rage babban garke fiye da su ƙara shi, kuma iya girman garken iya girman ragin. Maganinsa shi ne mutum biyu su ƙirga garke ɗaya kowa shi kaɗai, ba tare da sun faɗa wa juna ba, sannan su kwatanta. A kuma riƙa ɗaukar hoton wasu garkunan a ƙirga su a kwamfuta daga baya, kowa ya san inda idonsa ya karkata. A ganina awa ɗaya ta irin wannan gwaji kafin kowace kaka ta fi sabon madubi amfani.

Duk yankunan wuri ɗaya a ƙirga su a cika ɗaya. Idan garke ya tashi daga wani yanki ya nufi wani, a rubuta lokaci da adadi da inda ya dosa, domin da yamma a zauna a cire abin da aka ƙirga sau biyu. Tsuntsun da ba a gane ba a rubuta shi a matsayin wanda ba a gane ba, a ce ƙaramin mai tonon laka ne ko babba. Cusa shi cikin jinsin da aka fi sabawa da shi ya fi barinsa babu suna illa.

Ba ƙaramin haɗari ke cikin aikin ba. Ruwa kan dawo ta ramuka da ƙoramu ya kewaye mutum ta baya tun yana ganin gabansa a bushe, laka mai laushi kuma tana riƙe ƙafa har gwiwa. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, kuma a bar wa wani a tudu lokacin da ake sa ran fitowa.

Game da jirgi maras matuƙi, yana da amfani a tsibiran sheƙa da ba a iya shiga, hotonsa kuma yakan fi ido daidai. Sai dai masu tonon laka sukan ɗauke shi kamar shaho su watse, ƙasashe da yawa kuma suna bukatar izini kafin a tashe shi a wurin da aka keɓe.

Mataki na biyar: rubutu

Takardar ƙirge ta ƙunshi kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, tsayin cikar ruwa, iska da hazo, sunayen masu ƙirge, da ko an gama yankin duka ko rabi. Abu ɗaya ne nake son a riƙe fiye da sauran: sifili daban, rashin zuwa daban. Idan an je an duba ba a ga jinsin ba, a rubuta 0. Idan ba a je ba, a bar gurbin da alamar ba a ƙirga ba. Manhajojin lissafi irin su TRIM, wadda hukumar ƙididdiga ta Holan ta ƙirƙira, suna iya cike gurbin da ba a ƙirga ba ta hanyar duba sauran wurare da sauran shekaru, amma idan aka sa musu sifili a inda babu wanda ya je, za su nuna faɗuwar da ba ta auku ba. A shigar da bayanan kwamfuta cikin makon, a ajiye kwafi a wuri biyu, a kuma adana takardun asali.

Mataki na shida: sheƙa, zobe da abinci

Yawancin waɗannan tsuntsaye suna da tsawon rai, wasu sukan haura shekara goma ko ashirin. Ma'anar wannan ita ce matattarar sheƙa tana iya yin shekaru ba ta fitar da ɗan tsako ko ɗaya ba, adadin manya kuma bai motsa ba, sai ranar da tsofaffin suka fara ƙarewa a ga faɗuwa gaba ɗaya. Shi ya sa ƙirgen manya kaɗai bai isa ba.

A wurin ƙyanƙyasa ana sa wa kowace sheƙa lamba, a sa alamar nesa kaɗan da ita don kada hankaka ko dila su koyi bin alamar, a riƙa dubawa bayan 'yan kwanaki. Ziyara ta zama gajera, ba da tsakar rana mai zafi ba, ba cikin ruwan sama ba, domin ƙwan da uwa ta bari a kan yashi mai zafi yana lalacewa da wuri. Wajen lissafi kuma akwai tarko. Sheƙar da ta lalace da wuri sau da yawa ba a ma taɓa ganinta ba, don haka raba waɗanda suka ƙyanƙyashe da waɗanda aka gano yana ƙawata sakamako. Hanyar Mayfield ta gyara wannan ta hanyar ƙirga kwanakin da kowace sheƙa ta yi ana kallonta. A ɗauka an bi sheƙa 40, jimillar kwanakin kallo 400, guda 20 suka lalace. A ido, rabi sun tsira. Amma asara 20 cikin kwana 400 tana nufin damar sheƙa ta kwana lafiya ita ce 0.95, idan kuma kwancin ƙwai yana ɗaukar kwana 25, sai a ninka 0.95 da kanta sau 25, a sami kimanin kashi 28 cikin ɗari. Tazarar da ke tsakanin 50 da 28 ita ce tazarar da ke tsakanin a kwanta da rai da a tashi tsaye. Inda ba a iya kaiwa wurin ƙyanƙyasa, ana ƙirga kason 'ya'yan bana a cikin garke bayan sun iso, tun gashinsu bai sauya ba.

Sa wa tsuntsu zobe mai lamba a ƙafa aiki ne na mai lasisi da horo, ba a koyonsa daga takarda. Amma karanta zobba masu launi da 'yan tutocin ƙafa da madubi kowa na iya yi, kuma daga irin waɗannan rahotanni ake lissafa kason manyan da ke tsira kowace shekara. Na'urorin da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam sun nuna abin da zobe ba zai nuna ba: a 2022 an bi wani ɗan watanni biyar na jinsin Limosa lapponica, wani mai tonon laka mai dogon baki, da ya tashi daga Alaska ya sauka Tasmaniya, fiye da kilomita 13,000 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ba. Tsuntsun da ke irin wannan tafiya ya dogara ne kacokan ga kitsen da ya tara a filin lakar da ya baro.

Don haka a auna abincin ma. Ana kafa bututu a laka a wurare masu tazara daidai, a ciro, a tace da rariya mai ramin milimita 1, a ƙirga tsutsotsi da ƙumba da ƙananan kaguwa. A ware na saman laka daga na ƙasa, domin abin da bakin tsuntsu bai kai gare shi ba ba abincinsa ba ne.

Mataki na bakwai: daga adadi zuwa dalili

Shekara biyu ko uku ba sa nuna alkibla. Sanyi mai tsanani ko kakar ƙyanƙyasa mara kyau guda ɗaya na iya girgiza adadi. Ana bukatar kimanin shekara goma kafin a yi magana da ƙarfi. Idan raguwa ta tabbata, tambayar farko ita ce mutuwa suka yi ko wuri suka sauya, amsar kuma tana wurin maƙwabta. Idan jinsin ya ragu a wurinka amma ya ƙaru a gaɓar da ke kusa, matsalar ta gida ce. Idan ya ragu ko'ina a kan hanyar ƙaura, sai a duba zango ko wurin ƙyanƙyasa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma misalai uku sun nuna yadda dalilin ke ɓuya. A Koriya ta Kudu an rufe katangar Saemangeum mai tsawon kilomita 33 a 2006, ta yanke babban filin laka daga teku. An yi ta cewa tsuntsayen za su koma wani wuri, amma ƙirgen da aka yi a maƙwabtan gaɓoɓi da kuma Ostareliya, inda jinsin mai tonon laka Calidris tenuirostris ke cin hunturu, ya nuna ba su koma ko'ina ba, raguwa suka yi. A mashigin Delaware na Amurka, jinsin mai tonon laka Calidris canutus yana dogara da ƙwan wata halittar teku mai kama da kaguwa a watan Mayu. Da aka tsananta kamunta a shekarun 1990 sai tsuntsayen suka kasa tara kitsen ƙarasa tafiya, har jihar New Jersey ta hana kamun a 2008. A Banc d'Arguin kuwa, binciken da aka wallafa a 2016 ya gano cewa saurin narkewar ƙanƙara a Saberiya yana sa 'ya'yan wannan jinsi su taso da ƙaramin jiki da gajeren baki, su iso Moritaniya su kasa kaiwa ga ƙumbar da ke binne a laka, damar tsirarsu ta ragu. Ba ɗaya daga cikin ukun da za a gane da ƙirgen wuri guda.

Mataki na takwas: kariya

Adadi mai inganci makami ne a gaban hukuma. Yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a Iran a 1971, tana ɗaukar wuri a matsayin mai muhimmanci ga duniya idan yana riƙe tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a kai a kai, ko kuma kashi 1 cikin ɗari na al'ummar wani jinsi. Yawanci ana tabbatar da wannan da matsakaicin mafi yawan ƙirgen shekara biyar. Ga Afirka da Turai da yammacin Asiya akwai kuma yarjejeniyar AEWA ta 1995, wadda ta ɗora wa ƙasashe nauyin kare masu ƙaura. Sai dai shiga jerin sunaye ba ya korar kare daga bakin teku, ba ya kuma tsayar da motar yashi.

A ƙasa, aikin da ya fi saurin ba da sakamako shi ne rage damuwa a wurin hutu da wurin sheƙa. A auna tazarar da tsuntsaye ke tashi idan mutum ko kwalekwale ya doso, a ƙara mata, a mai da ita iyakar da ba a ƙetarewa lokacin cikar ruwa. A kewaye wurin sheƙa da igiya da alluna na tsawon kakar kawai, a cire idan ta wuce, domin mutane sun fi mutunta hanin da suka ga ƙarshensa. A tsibirai, kawar da ɓeraye da kyanwoyin da mutane suka kawo yakan farfaɗo da matattara cikin 'yan shekaru, amma aiki ne na ƙwararru, kuma banza ne idan ba a tsare jiragen da za su sake kawo su ba. Kejin waya da ake kifawa a kan sheƙa yana ƙara yawan ƙwan da ke ƙyanƙyashewa, sai dai wani lokaci yana jawo mafarauta su kashe uwar, asarar uwa kuwa ta fi ta ƙwai tsanani, don haka a sa ido a kansa kullum.

Babbar barazana ita ce asarar lakar kanta, ta cike teku don gini, da madatsun da ke tare ƙasar da kogi ke kawowa, da hauhawar teku a inda katanga ta hana gaɓa ja da baya. A nan mai nazari yana bukatar ya kai taswirarsa teburin masu tsara ƙasa tun ba a amince da aiki ba. Masu kamun kifi da masu tsintar ƙumba kuma a shigar da su tun farko, a ɗauki wasu cikinsu masu gadi da masu ƙirge, domin sun fi kowa sanin inda tsuntsaye ke kwana. Ana iya bambanta sana'ar hannu da ta inji: Holan ta hana kwasar ƙumba da manyan injina a tekun Wadden daga 2005, ta bar masu tsinta da hannu bisa ƙa'ida, a Banc d'Arguin kuma masunta 'yan Imragen suna kamun kifi da jiragen filafilai, an hana masu inji.

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ƙara wa aikin wani nauyi. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa fiye da 700 a gandun Djoudj na Senegal, a 2022 kuma ta yi ɓarna a matattarar sheƙa da dama a arewa maso yammacin Turai. Wanda ya tarar da gawarwaki ko tsuntsaye masu juya wuya kada ya taɓa su da hannu; ya ƙirga, ya ɗauki hoto, ya sanar da hukumar lafiyar dabbobi, ya wanke takalma da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya taka wani wurin, a kuma dakatar da kamu da sa zobe har sai hukuma ta ba da izini.

Kowane matakin kariya da aka ɗauka a auna shi kamar yadda aka auna tsuntsayen: a sami adadin kafin a fara, a bar wani wuri makamancinsa da ba a taɓa ba don kwatance, a ci gaba da ƙirge da hanyar da aka saba. A ƙarshen kowace kaka a tura sakamakon ga jami'in da ke tattara ƙidayar Janairu a ƙasar, a sa abin da ya dace a rumbun eBird na intanet, inda masu kallon tsuntsaye ke zuba abin da suka gani, tare da ɓoye wuraren sheƙar jinsunan da ake farauta, a kuma rubuta rahoto mai shafi biyu ga masu kula da wurin da mutanen da ke zaune kusa da shi, a nuna yankin da ya ragu, da abin da ake zargi, da abin da za a gwada a kaka mai zuwa.